Motur Ɗin Garu Da Na Naɗa Sau Uku

Ranar da na ƙetare gadar Gaya na shiga ƙasar Benin, jakar kayan aikina ce ta fara rabuwa da ni. Ina saukowa daga gadar, ban ma gama kallon faɗin kogin ba, wani mutum mai fara'a ya tare ni da Hausa irin ta gidanmu. Ya tambayi garinmu, na ce Matankari. Ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa 'yar can ce. Daga nan ya rage murya ya ce a wannan gefen ba a barin baƙo ya wuce da kayan ƙarfe, in ba shi jakar ya zagaya da ita ta bayan rumfuna, mu haɗu a bakin tasha. Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Na tsaya a bakin tashar nan tun hantsi har la'asar. Abin da ya rage mini shi ne takardar shaidar gama koyon naɗin motur na lantarki, da ɗan abin awon kuran, wato wutar lantarki, mai suna miltimetir, wanda na sa a aljihun riga don gudun kada ya fashe.

Wata biyu na yi ina dakon albasa a kasuwar Malanbil. Ban taɓa ganin kasuwa irinta ba. Buhunan albasa jibge sun fi ɗakin uwata tsawo, manyan motoci na shigowa daga kudu suna fita ba hutu, 'yan kabu-kabu a kan baburansu na ratsa mutane kamar ba su da rai a jiki. A rumfa ɗaya sai ka ji Dendi da Zabarmanci da Fulatanci da Faransanci, sa'an nan a rufe ciniki da Hausa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙasarmu ba ta ɓace mini ba. Da yamma in na je wanka bakin kogi, ga Nijar can ƙetare ina ganinta da idona, har hayaƙin girkin mutane. Kunya ce kawai ta hana ni taka gadar nan in koma. Na bar gida ina cika baki ni mai sana'a ne, yaya zan koma da warin albasa? Akwai wata tsohuwa Badendiya mai sayar da dambu da zogale, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa sosai, amma kullum in na miƙa kwano sai ta ƙara mini cokali guda ta kau da kai, wai ita ba ta yi komai ba. Har na bar kasuwar ban san sunanta ba.

Wata ranar kasuwa bayan azahar ina zaune a inuwar masallaci ina auna wa wani mai rediyo baturansa, sai wani dattijo dogo siriri, da sanda a kafaɗa da malafa, ya tsaya a kaina.

"Yaro, wanga abu naka mi yaka aunawa?"

"Kuran, Baba."

"Ka san motur?"

Na zaro takardata na buɗe masa. Bai iya karanta ta ba, amma ya daɗe yana kallon hatimin. Sunansa Baba Modi, Bafulatani ne, yana da 'yan shanu, kuma yana noman shinkafa a ƙauyen Garu, can bakin kogi. Ya ce motur ɗin famfonsu ya ƙone, sun kwana huɗu ba ruwa. Ranar nan a bayan kekensa na bar Malanbil. Ya sauke ni a gidansa, ya ba ni bukkar da ke kusa da garke, matarsa ta kawo mini fura da nono mai kauri. Rabona da in ƙoshi irin wannan tun ina gida. Da na ce masa ba ni da abin biyan masauki, ya dube ni kamar na zage shi.

Ga yadda aikin ruwansu yake. Manoma ashirin da wani abu ne suka haɗa ƙungiya. Famfon yana ƙasa a bakin ruwa, na kuran ne. Injin da ke ba shi kuran, wato gurub, an ɗora shi can bisa tudun da ya tare kogi, saboda ambaliya. Tsohon inji ne mai shan gazuwal, wato man dizal, yana juya janareta da bel, a jikin janaretar akwai allura mai nuna bolt da wani ɗan maballi da ake murɗawa. Ruwa in ya hau sai ya bi magudana, kowa ya buɗe bakin gonarsa in layinsa ya zo. Gonar Baba Modi ce ta ƙarshe a magudanar. Shi ne kuma aka damƙa wa injin da gazuwal ɗin ƙungiya, don a Garu kaf ba a taɓa jin ya karkatar da ɗigo ɗaya ba.

Na buɗe motur ɗin na tarar da naɗin ya yi baƙi ƙirin. Na ƙirga zagayen wayar ɗaya bayan ɗaya, na sassaƙa katakon naɗi da wuƙar Baba, aka sayo waya daga Malanbil. Na naɗa, na shafa barnis, man da ke rufe waya, na shanya. Na ɗora miltimetir, ya nuna om uku, awon da lafiyayyen naɗi ya kamata ya nuna. Na hau tudu na duba allurar gurub, tana kan ɗari biyu da ashirin daidai. Ruwa ya zubo, yara suka yi ta ihu, mata suka yi guɗa. Kwana shida ina tafiya a Garu kamar ni na haƙa kogin. Ranar ta bakwai da rana tsaka iska ta kawo mana warin barnis.

Na sake naɗawa. Wannan karon na ƙirga sau biyu, na sa Baba ya riƙa jefa tsakuwa a ƙwarya duk zagaye goma. Om uku. Allura ɗari biyu da ashirin. Kwana biyar ya yi.

A lokacin shinkafa ta yi ciki, tana shirin fid da kai, kuma ko ni baƙo na san in ta sha ƙishi a wannan gaɓar sai dai a girbe ƙaiƙayi. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Isaka, wanda kowa ke kira Parzidan, ya tara mutane a bisa tudu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Modi, kai kak kawo muna shi. Mun sai waya sau biyu, ga ta ukku nan, daga ita babu wata. In wagga ta ƙone, shi ɗauki takardatai shi hau gada. Shinkahwarmu kwana biyar gare ta, in ta yi yawa shidda."

Wani daga baya ya ce ƙila takardar ma a kasuwa na saye ta. Aka yi dariya. Muka komo gida ni da Baba Modi. A ƙofa ya tsaya ya ce, "Ni na ga hannunka, yaro. Ba hannun maƙaryaci ba na." Wallahi wannan maganar ta fi dariyar ciwo, don shinkafarsa ce ke can ƙarshen magudana tana naɗe ganye, kuma ni ban san abin da ke kashe motur ɗin ba.

Kwana ɗaya da yini na yi ina naɗi na uku. Da na gama na kasa ɗora shi a famfo. Tsoro ya kama ni. Wani masunci ne ya ba ni labarin wani tsoho a Gene, kudu da Malanbil a kan babbar hanya, mutumin kudu ne, wai ya yi shekaru yana kula da injinan masana'antar auduga kafin idonsa ya raunana. Na ɗaure motur ɗin a bayan keken Baba da igiyar shanu, na kama hanya bayan asuba. Motur na famfo ba kayan keke ba ne. Duk ramin da na faɗa sai gaban keken ya ɗaga sama. Bayan Malanbil tayar baya ta fashe, na tura da ƙafa, manyan motoci na wuce ni suna watsa mini tsakuwa, kwalta na ƙona tafin ƙafata ta cikin silifa. Wasu mata masu tallar nono suka ba ni ruwa a bakin hanya, ɗaya ta tambaye ni ko gawa na ɗauko, irin yadda nake lallaɓa shi. Na isa Gene rana ta karkata, leɓena duk ya tsage.

Mutumin da na zo nema, Metir Kojo, ɗan gajeren tsoho ne mai farin gashi da tabarau mai kauri, yana zaune ƙarƙashin mangwaro a tsakar gidansa. Ya daɗe a arewa, Hausarsa ta kasuwa ce, mai gauraye da Faransanci. Bai taɓa motur ɗin ba sai da na ci abinci. Sa'an nan ya shafa naɗin da yatsunsa a hankali, ya sunsuna.

"Peti, ɗan yaro, aikinka na da tsabta. Nawa ka auna?"

"Om uku, Metir."

"Bolt nawa kake ba shi?"

"Ɗari biyu da ashirin."

"Raba mu gani."

Na raba a ƙasa da tsinke. Ɗari biyu da ashirin a raba uku, amper saba'in da uku da 'yan kai.

"Wannan siririyar waya za ta ɗauki amper saba'in da uku?"

"A'a, Metir. Narkewa za ta yi nan take."

"To me ya hana ta narkewa tun minti na farko? Kai kana tambaya me ya ƙone ta ranar bakwai. Ni ina tambaya me ya tsare ta kwana shida."

Shekara uku na yi ina koyon sana'ar nan, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na tuna malaminmu ya taɓa rubuta wani harafin Z a allo, muka kwafa, muka haddace, muka ci jarrabawa, muka bar shi can.

Metir ya sa na jona motur ɗin da kuran ɗin gari, ba kaya a kansa. Ya ɗauko wani abin awo mai baki kamar na ƙaguwa, wanda ake maƙala wa waya ya faɗi amper ɗin da ke wucewa. Ya ce in karanta masa, shi ba ya gani. Biyar da rabi.

"Raba ɗari biyu da ashirin da biyar da rabi."

"Arba'in."

"Om arba'in. Kai ka ce uku. Ina sauran suka fito?"

Wayar nan ni na naɗa ta da hannuna, na san kowane zagaye nata, amma ga wani abu a cikinta da ban saka ba, ban kuma taɓa gani ba. Metir ya yi mini bayani a hankali. Kuran ɗin batir, irin wanda miltimetir ke aunawa da shi, hanya ɗaya yake bi, abin da ke tare shi kawai tsawon waya da sirantarta ne, shi ne rezistans, om ukun nan nawa. Kuran ɗin gari kuwa zuwa yake yana komowa, sau hamsin a cikin daƙiƙa guda. Waya in an naɗe ta a kan ƙarfe ba ta son canji. Duk juyowar da kuran ya yi sai ta tura shi baya. Wannan turin shi ake kira reyaktans. In ka kashe kuran babu shi, ka tsaga wayar ba za ka same shi ba. In ka kunna, ga shi tsaye. Su biyun in sun haɗu, sunansu ampedans, Z ɗin nan da na bari a allo.

Na yi sauri in nuna ni ma da kai a wuyana. "Ke nan turin om talatin da bakwai ne. Arba'in a cire uku."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in tashi. Ya kafa sanda a gindin mangwaro, ya ce in yi taku uku gabas. Na yi. Ya ce in juya in yi taku huɗu arewa. Na yi.

"Taku nawa ka yi?"

"Bakwai."

"To koma wurin sandar kai tsaye, kana ƙirgawa."

Biyar. Na sake yi don ban yarda ba. Biyar ne.

"Rezistans gabas yake tafiya, reyaktans arewa. Ba hanyarsu ɗaya ba, shi ya sa ba a tara su kamar buhun albasa. Uku sau uku, tara. Huɗu sau huɗu, sha shida. Ashirin da biyar. Wane ne in ya ninka kansa zai ba da ashirin da biyar? Biyar. Yanzu yi na motur ɗinka."

Na durƙusa. Arba'in sau arba'in, dubu da ɗari shida. A cire tara. Dubu da ɗari biyar da casa'in da ɗaya. Tushensa talatin da tara da ɗigo tara. Na zauna daɓas a ƙasa ina kallon lissafin. Ashe om ukun da nake ta alfahari da su kusan ba su da hannu a tsaron motur ɗin. Abin da ya hana shi kamawa da wuta duk wannan turin ne da ido ba ya gani. Na yi tasbihi a fili. Yadda takun ƙafata a tsakar gidan wani tsoho a Gene ya zo daidai da abin da ke gudana cikin waya, wannan har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi ƙanƙanta.

Metir bai bar ni na huta ba. Ya karɓi tsinken ya rubuta da manyan baƙaƙe: turin daidai yake da shida da ɗigo ashirin da takwas, sau f, sau L.

"L, shi ne naɗinka, yawan zagaye da ƙarfen da ke ciki. Wannan hannunka ne, kuma hannunka ba laifi. f kuwa, firekans, sau nawa kuran ke zuwa ya komo. Wannan ba a hannunka yake ba. In ya ragu, turin ya ragu. In turin ya ragu?"

"Amper ya ƙaru."

"Kuma ba yadda takarda ta ce kawai ba. Ƙarfen ciki yana ƙoshi. In ya ƙoshi, amper ya haura fiye da lissafinka. Wa ke ba ku kuran a Garu?"

"Gurub, Metir. Amma na duba, allura na kan ɗari biyu da ashirin."

"Ban tambaye ka bolt ba, peti."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan agogo mai tsini, wanda ake dannawa a bakin sandar inji ya faɗi juyi nawa take yi a minti. Ya ce janareta irin tamu sai ta yi dubu da ɗari biyar kafin ta ba da hamsin ɗin nan. Ya haɗa mini da mai bakin ƙaguwar, ya ce in dawo da su in na gama. Bai san ni ba, bai san ubana ba, kayan da ya yi shekara talatin yana aiki da su ya zuba mini a hannu. Ya kuma sa maƙwabcinsa ya liƙe mini taya.

A daren na komo Garu da motur ɗin. Washegari da sassafe na riga Baba Modi hawa tudu. Duk zamana a Garu ban taɓa ganin yadda yake tada injin ba, don kullum ina ƙasa wurin famfo ina gadin motur ɗina. Ya zo, ya yi bismilla, ya juya hannu, injin ya kama. Sai na ga ya kama ɗan ƙarfen da ke ba injin mai, ya ja shi baya, ya ɗaure da wata tsinkakkiyar igiyar fata. Ƙarar injin ta sauka, allura ta faɗo. Ya sa yatsa biyu ya murɗa maballin nan a hankali har allura ta koma kan ɗari biyu da ashirin. Ya juyo yana murmushi.

"Ka gani? Dabarata ta. Tun da gazuwal yay yi wuya bana nika yin haka. Injin shi sha kaɗan, allura kuwa tana wurinta. Dukiyar jama'a ta, yaro, ba a wasa da ita."

Na danna agogon a bakin sandar janareta. Dubu da ɗari biyu. Na tsuguna na yi lissafi a ƙasa. Dubu da ɗari biyu na ba da arba'in a maimakon hamsin. Turin da ya kamata ya zama kusan om arba'in ya koma talatin da biyu. Amper ya kamata ya kusa bakwai. Na jona motur ɗin ba kaya, na maƙala mai bakin ƙaguwa. Ya wuce tara. Ƙarfe ya ƙoshi, kamar yadda Metir ya faɗa. Na kashe da sauri. Na kwance igiyar fatar, injin ya ɗauki murya, na daidaita shi har agogo ya nuna dubu da ɗari biyar, na mayar da maballin baya. Na sake jonawa. Biyar da rabi. Daidai da na Gene, ko gashi bai rabu ba.

Ya kamata in yi tsalle. Sunana ya wanku, ba takardar kasuwa na riƙe ba. Amma mutumin da ya ɗauko ni daga dakon albasa, ya ba ni ɗaki da nono, shi ne tsaye a kaina yana jiran in yaba dabararsa. Ban taɓa jin gaskiya ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

Na zaunar da shi na faɗa masa, ba Z ba f. Na ce kuran zuwa yake yana komowa, saurin zuwa da komowar nan shi ke tsare motur, allura kuwa ba ta ganin wannan. In an rage wa inji gudu, an rage wa motur garkuwa. Ya daɗe yana kallon igiyar fatar da ke hannuna.

"Ke nan ni na ƙone su? Har na farin, wanda ba kai kan naɗa ba?"

"Baba, ba ka sani ba. Ni da na yi lakkol, na yi karatun abin, ma ban sani ba sai jiya." Na matso kusa. "Ba sai kowa ya ji ba. Zan ce na canza naɗi ne. Mu yar da igiyar nan a kogi, shi ke nan."

Ya dube ni, irin kallon da ya yi mini ranar da na yi maganar kuɗin masauki.

"An yi maka dariya gaban jama'a, ina tsaye. Tahi ka ɗora motur. In ka ƙare ka kira min Parzidan."

Kafin hantsi ya yi ruwa ya hau magudana, mutane suka taru a tudu. Baba Modi ya cire malafarsa, abin da ban taɓa gani ba, ya ɗaga igiyar fatar sama. Ya faɗi abin da yake yi kullum da safe, tun yaushe, da abin da ya jawo. Bai ce ƙila ba, bai ce wai ba. Ya ce yaron nan ba shi da laifi ko na ƙwayar gero, wanda ya yi masa dariya ya nemi gafararsa. Alhaji Isaka ya yi gyaran murya ya ce ai niyya tagari ce, kowa ya san Modi, a wuce wurin. Ya miƙo mini hannu a gaban kowa.

Amma Baba bai gama ba. Gonaki duka sun sha ƙishi, famfo ɗaya ne, kuma bisa al'adarsu in aka yi irin wannan tsaiko, daga ƙarshen magudana ake fara ba da ruwa, don na ƙarshe shi ya fi jigata. Layin Baba ne na farko ke nan. Ya ce a'a. Ya ce bakin gonarsa zai zauna a toshe har sai kowace gona ta sha ta ƙoshi. Aka yi ta ba shi baki. Parzidan ya ce wannan ba hukuncin ƙungiya ba ne. Ni ma na kama hannunsa na ce Baba shinkafarka ba ta da kwana uku. Ya zare hannunsa a hankali, ya sauka da kansa, ya ɗebi laka ya ƙara toshe bakin.

Kwana huɗu aka yi kafin zagayen ya cika. Motur ɗina ko ɗumi mai yawa bai yi ba, kullum ina kai ina auna shi. Daga baya na mayar wa Metir Kojo kayansa, na ba shi labari. Da na zo kan maganar toshe bakin gona sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ranar ta biyar ruwa ya shiga gonar Baba Modi. Ganyen ya ɗan warware, har na fara sa rai. Kan shinkafar ya fito kuwa, amma tsaye ya fito, fari, bai taɓa sunkuyawa ba.

Lokacin girbi Garu ta cika da ƙarar bugu da waƙar mata. Aka yi ta shiga da buhuna gidaje, wasu suka aiko wa Baba da kwano-kwano, matarsa ta karɓa ba da saninsa ba. Ranar da kowa ya gama yankan gonarsa, da la'asar, ya ce in raka shi. Ya koro shanunsa muka bi gefen magudana har ƙarshe. Gonarsa kaɗai ce tsaye a cikin fili, an kewaye ta da ƙaya. Na tsinki kai ɗaya na murza a tafin hannu na hura. Ba abin da ya rage. Na sake tsinkar wani, na sake hurawa. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Shanu na bayanmu suna tura juna, sun ji ƙanshin ɗanyen kara.

"Hamidu," ya ce, ranar ce ya fara kiran sunana. "Kowa ya yanke tashi?"

"Kowa ya yanke, Baba."

"Ba wadda tal lalace?"

"Babu. Sai wannan."

Ya gyaɗa kai, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"To, buɗe musu."

Na janye ƙayar, shanu suka shiga.